Ƙafar Mota Ba Hular Ado Ba Ce

Akwai wata al'ada da ta shigo mana a 'yan shekarun nan, ta kuwa fi kama masu cin albashi, watau malaman makaranta da akawuna da sauran ma'aikatan ofis. Mutum zai yi shekara da shekaru yana tsimi da tanadi, ko kuwa ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata, har ya samu ya sayi 'yar motarsa ta hannu, irin waɗanda a ke shigowa da su daga Turai ko Amurka. Tun bai gama biyan bashin ba sai abokai su fara hure masa kunne, suna cewa, "Malam, mota kam ta yi, sai dai ƙafafun nan nata na tsofaffi ne. Ka sa mata manya masu ƙyalli mana, ta fito." Kafin wata ya mutu sai ka gan shi a kasuwar kayan mota, ya kwance ƙafafun da motar ta zo da su, ya bayar da su a bakin abin da bai taka kara ya karya ba, ya cika kuɗi masu tsoka, an ɗaura masa waɗansu.

Abin da na ke nufi da ƙafa a nan shi ne ƙarfen nan kewayayye wanda a ke sa wa taya, wanda makanikai ke kira wili ko rim. A kansa na ke so mu yi shawara yau, domin na ga abin da sake shi ba bisa ilmi ba ya jawo wa wani, in kuwa gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wani maƙwabcina ne, malamin makaranta, mutum mai natsuwa wanda ba a san shi da almubazzaranci ba. Ya sayi Toyota Corolla, ta zo da wili na inci 15. Aka zuga shi, ya sa na inci 18 masu ƙyalli kamar sabon kwano. Gaskiya motar ta yi kyau, har yaran unguwa su kan tsaya kallo. Da damina ta zauna, ran nan ya ɗauki iyalinsa za su gaishe da mahaifiyarsa a ƙauye. Ruwa ya rufe wani rami a kan kwalta, bai gan shi ba, ƙafar gaba ta faɗa. Ramin nan kuwa ba na a zo a gani ba ne, motocin haya suna ta bi ta kansa suna wucewa. Amma nan take tayar ta yage a gefe, wilin ya tsage, motar ta fizge sitiyari ta nufi daji. An yi sa'a da sauran shan ruwa a gaba, ba gudu ya ke yi ba, ya samu ya tsayar da ita. Da ya ɗauko safaya, sai ya tarar sifanar motar ba ta kama sababbin notin, gama mabuɗinsu dabam ne, mai sayarwa bai ba shi ba, shi kuma bai san ya tambaya ba. Nan suka yini a bakin hanya, da mace da yara ƙanana, har rana ta faɗi. Da ya koma gari neman wili guda irin wanda ya fashe, aka ce samfurin ya ƙare, sai dai ya sayi huɗu. Ya nemi nasa na asali, aka ce an sayar tun ran da ya bar su. Garin neman ƙiba ya samo rama.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, mai albashi wanda ke bin irin hanyoyinmu ya bar wa motarsa girman wilin da masu ƙera ta suka sa mata. In kuwa lalura ta sa tilas ya sake, ko zuciyarsa ta ƙi haƙura, to, ya saya da awo, kada ya saya da ido. Ga dalilaina.

Inda Lissafin Ya Ke

Ku duba gefen ko wace taya, za ku ga an rubuta waɗansu lambobi. A jikin ta maƙwabcina ta asali an rubuta 195/65 R15. Lamba ta fari faɗin tayar ke nan, milimita 195. Ta biyu tana nuna tsawon gefenta, watau daga bakin wili zuwa inda ta taɓa ƙasa, kashi 65 ne cikin 100 na faɗin. Ta ƙarshe kuwa girman wilin ne, inci 15. Ɗan aji shida ma zai iya buga lissafin: kashi 65 cikin 100 na 195 ya kama milimita 127. Wannan shi ne kaurin roba da iskar da ke tsakanin ƙarfen motarka da duwatsun hanya.

To, gurbin da ƙafa ke juyawa a jikin mota ba ya ƙaruwa don ka sayi babban wili. Saboda haka in wili ya ƙaru, tilas taya ta ragu. Wadda aka sa masa a kan inci 18 ɗin nan 225/40 R18 ce. Kashi 40 cikin 100 na 225 milimita 90 ke nan. Tsayin ƙafar gaba ɗaya bai sake ba sai da ɗan kaɗan, daga milimita 635 ya koma 637, amma matashin da ke kare wili ya ragu da milimita 37, kusan inci ɗaya da rabi. Watau ya biya kuɗinsa an ɗebe masa kusan kashi uku cikin goma na abin da ke tare masa duka.

Taya ita ce sifirin na farko a jikin mota. Kadan ƙafa ta faɗa rami, gefen taya ne ke lanƙwasawa ya shanye dukan tun bai kai ga shoka ba. In gefen gajere ne, sai bakin ramin ya matse robar a jikin wili kamar yadda almakashi ke cin yadi, zaren da ke cikin tayar ya tsinke, ta kumbura ko ta fashe. Abin da ya saura na dukan kuma ya wuce ga wili, da boris, da shoka, da sandunan sitiyari, har ya kai ga ƙugun mai tuƙi. Ko an tsira daga haɗari, ba a tsira daga makanike ba.

Hujjar Masu Son Manya

Kada a ce na yi son zuciya, masu son manyan wili suna da tasu hujja. Taya mai gajeren gefe ba ta cika lanƙwasawa a kwana ba, saboda haka a kan kwalta mai sumul mota ta fi jin sitiyari. Motoci masu ƙarfi da gudu kuma suna da manyan faya-fayen birki waɗanda ba su shiga cikin ƙaramin wili. Son kyau kuwa ba laifi ba ne. Wanda ya goge takalminsa, ya karya hularsa kafin ya fita aiki, ba za a zarge shi don yana so motarsa ta yi kyan gani ba.

Amma sai a tambaya, a kan wace hanya, kuma da kuɗin wa? Waɗansu suna tsammani girman wili shi ke sa mota gudu. Motocin tseren nan na Formula 1, waɗanda ke fin kilomita 300 a awa, da wili na inci 13 suka yi ta tsere shekara da shekaru har ƙarshen 2021, sai a 2022 suka koma inci 18. A shekarar 2010 kuma wata mujallar motoci ta Amurka mai suna Car and Driver ta ɗauki mota guda, Volkswagen Golf, ta gwada mata wili daga inci 15 har zuwa 19. Abin da aka gani shi ne, da manyan ta fi riƙe hanya a kwana, amma tashinta ya ragu, nisan da ta ke yi da galan guda na mai kuma ya ragu da wajen kashi 10 cikin 100. Dalili kuwa ba boyayye ba ne, babban wili da faffaɗar taya sun fi nauyi, sun kuma fi jan ƙasa. Tun daga ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, ko wane ma'aikaci ya san abin da lita guda cikin goma ke nufi a ƙarshen wata.

Dattawan cikinmu sun tuna da Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, a shekarar kuma da irinta ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya. Motar nan ta yi suna a hanyoyin burji da gargada, ta ɗauki fasinja da buhuna har kan rufi. A kan me ta yi wannan aiki? Yawancinsu wili ne na baƙin ƙarfe, inci 14, da taya mai dogon gefe. Ba wanda ya taɓa tsayawa yana kallon ƙafafunta, amma ta kai mutane gida.

Sa'an nan ga maganar samuwa. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi sahu a Ikeja a 2008. Tun daga nan tayoyin da mu ke hawa daga ƙetare su ke zuwa, kuɗinsu kuwa yana bin tashin dala. Taya irin 195/65 R15 kusan ko wane gari mai tasha za ka same ta. Irin 225/40 R18 kuwa ta fi tsada, kuma sai manyan birane. Malamin makaranta ko akawu ba shi ya ke zaɓar inda zai yi aiki ba. Takarda guda za ta zo a ce an mai da shi wani gari mai nisa da kwalta, inda mai faci ba shi da injin cire taya sai ƙarafa biyu da guduma. Ran da ya kai masa wili mai ƙyalli, ran nan ƙyallin zai ƙare.

Baƙin Ƙarfe Ko Alminiyam?

Wili iri biyu ne a kasuwa. Akwai na baƙin ƙarfe, wanda a kan rufe da murfin roba, akwai kuma na alminiyam, wanda a ke kira aloyi. Shi na alminiyam a filin tsere ya fara suna, tun 1924 da kamfanin Bugatti ya sa shi a motocinsa na tsere a Faransa. Yana da amfaninsa: ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, yana saurin kwashe zafin birki, mai kyau daga cikinsa kuma ya fi sauƙin nauyi. Alminiyam nauyinsa wajen sulusin na baƙin ƙarfe ne, amma kada wannan ya ruɗe ku, gama sai an ƙara masa kauri ƙwarai kafin ya ɗauki abin da ƙarfe ke ɗauka. Saboda haka wili mai araha na inci 18 ya kan fi na ƙarfe mai inci 15 nauyi.

Shi kansa alminiyam ɗin ba ƙira ɗaya ba ce. Akwai wanda a ke narkarwa a zuba a mazubi, shi ne ya cika kasuwa. Akwai wanda a ke matse curinsa da inji mai ƙarfin gaske har ya ɗauki siffa, wannan ya fi ƙarfi da sauƙin nauyi, amma guda ɗaya daga cikinsa na iya cinye albashin wata. In aka ce maka ga irin wannan a kuɗin na zubi, ka tuna araha ba ta ado.

Babban bambancin da ya shafe mu shi ne halinsu a ranar wahala. Na baƙin ƙarfe in ya sha duka lotsawa ya ke yi, a buga shi da guduma a bakin hanya, a sa iska, a ƙarasa gida. Na alminiyam na zubi ya fi yawan tsagewa. In kuwa ya tsage, walda ba ta mai da shi yadda ya ke, domin a masana'anta gasa shi a ke yi bisa ƙa'ida don ya yi ƙarfi, zafin walda kuwa yana kashe wannan ƙarfi a kewayen inda aka liƙe. Wanda ya tsage a hannu ko kusa da ramin noti ya gama aiki, kome gwanintar mai walda.

Awo Biyar

To, a ce wilinka ya lalace, ko ka ƙudura sai ka sake. Akwai awo biyar da ya wajaba ka rubuta a takarda kafin ka bar gida. Girman taya da yawan iskarta suna jikin wata 'yar takarda da a kan manna a bakin ƙofar direba, sauran kuwa suna cikin littafin motar, ko a bayan tsohon wilinka.

Na fari, girma da faɗi. A bayan wili za ka ga an rubuta abu kamar 15x6J, watau girmansa inci 15, faɗinsa inci 6. In za ka ƙara, kada ka wuce inci ɗaya, ka kuma zaɓi tayar da za ta bar tsayin ƙafa yadda ya ke. Misali, madadin 195/65 R15 a kan inci 16 ita ce 205/55 R16, tsayinta milimita 632. Wanda ya sa 215/60 R16 kuwa ya kai 664, ya ƙara kusan kashi 5 cikin 100. Maleji juyin ƙafa ya ke ƙirgawa, bai san an sake taya ba. Zai nuna maka 100, iyakar gudun da doka ta yarje wa ƙananan motoci a babbar hanya, alhali kuwa kana kusa da 105.

Na biyu, ramukan noti. Ƙirga su kaɗai bai isa ba, sai an san faɗin da'irar da su ke kai. Yawancin Corolla masu zuwa daga Amurka, ƙirar 2003 zuwa 2013, rami biyar ne a kan da'ira mai milimita 100, a kan rubuta shi 5x100. Camry, da Honda Accord daga ƙirar 2003, 5x114.3 ne. Yawancin Mercedes 5x112 ne. Peugeot 406 rami huɗu ne, 4x108, yawancin Golf 3 kuwa 4x100. Haɗarin yana ga waɗanda suka yi kusa da juna. Tsakanin 112 da 114.3 milimita biyu ne da 'yan kai, ido ba ya gani, in an matsa wilin zai shiga. Amma ko wane noti zai zauna a karkace, ya riƙa lanƙwasa ƙusarsa a ko wane juyi, har ran da za ta karye. Duk wanda ya ce maka, "Bari a ɗan goge ramin da zarto, zai shiga," ka yi masa sallama.

Na uku, ramin tsakiya, wanda ke zama a kan cibiyar ƙafa. Na Corolla ɗin nan milimita 54.1 ne, na Camry 60.1, na Accord 64.1. Kun ga ke nan wilin Accord zai shiga Camry, tun da ramukan notinsu ɗaya ne, amma zai bar rata ta milimita 4 a tsakiya. Masu ƙera wilin kasuwa da gangan su kan yi ramin da faɗi don ya shiga motoci da yawa, sa'an nan a cike ratar da wani zobe da a ke yi musamman don haka. In ba a sa zoben ba, da wuya wilin ya zauna daidai tsakiya, sai ka ji sitiyari yana karkarwa in an ɗau gudu, ka yi ta kai mota balansin ba ta warke ba.

Na huɗu, zurfin zama. Za ka ga haruffa biyu, ET, da lamba a gabansu, misali ET45. Lambar nan tana nuna yadda wilin zai shige ciki ko ya turo waje. Yawancin ƙananan motoci masu ja da ƙafafun gaba nasu yana tsakanin 35 da 50. In lambar ta yi ƙasa da yawa, ƙafa ta turo waje, samari su ce mota ta buɗe ƙirji. Amma nauyin ya bar inda aka shirya masa, boris ya riƙa ci da wuri, taya kuma ta riƙa gugar jikin mota in an ɗauki kaya. In ta yi sama da yawa, wilin ya taɓa shoka ko birki ta ciki. Kada ka yi nisa da lambar asali fiye da milimita biyar.

Na biyar, noti da mazauninsa. Wannan shi ne wanda aka fi rainawa. Bakin noti iri uku ne: akwai mai tsini kamar mazurari, akwai mai zagaye kamar rabin ƙwallo, akwai shimfiɗaɗɗe mai wasa. Wilin Honda na asali mai zagaye ya ke so, na alminiyam na Toyota yawanci shimfiɗaɗɗe, wilin kasuwa kuwa galibi mai tsini. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, zaren notin Toyota da na Honda ɗaya ne, ko wanne ka ɗauka zai ɗauru, har ka ji ya yi tsantsan. Amma in bakinsa bai dace da mazaunin ba, a ɗan siririn wuri kaɗai ya ke riƙe, tafiya kaɗan sai ya saki. Ƙafar da ka ga ta fice ta wuce mota a guje, sau da yawa daga nan ta fara.

Bayan waɗannan biyar akwai nauyin da wili zai iya ɗauka, masu ƙira na kirki su kan rubuta shi a baya. Wannan ya fi shafar masu manyan motoci na iyali, da duk wanda ya san in ya je gida da kaka ba ya dawowa sai da buhun masara.

In An Shiga Kasuwa

Shawarata ta fari ita ce, wili na asali na irin motarka, ko da na hannu ne, in dai lafiyayye ne, ya fi sabo mai ƙyalli wanda ba a san maƙerinsa ba. Na asali an auna shi da motar, ba ka bukatar zobe, ba ka bukatar sabon noti. A manyan kasuwannin kayan mota, irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, mai haƙuri ba zai rasa shi ba.

Ka tafi da rana, ka tafi da motar, ka tafi da makaniken da ka amince da shi, wanda kai za ka biya shi ladansa, ba mai kaya ba. A juya maka bayan ko wane wili, a wanke shi, domin gaba ta mai sayarwa ce, baya ita ce taka. Ka nemi tabon walda, ka shafa bakinsa na ciki da hannu ko za ka ji lotsawa, ka duba ramukan noti ko sun zama kamar ƙwai. Sabon fenti a kan tsohon wili abin tuhuma ne har sai an ga abin da ya rufe. A ɗora shi a injin balansin tun ba a sa taya ba, ka tsaya ka ga yadda ya ke juyawa, in yana rawa ka bar shi. Sa'an nan a gwada guda a ƙafar gaba, a murza sitiyari iyaka dama, iyaka hagu, a ga ko yana taɓa wani abu.

Ka duba hatimi. Wilin da aka yi bisa ƙa'idar Japan yana ɗauke da alamar JWL, wadda maƙerin da kansa ke bugawa don shaidar ya gwada shi, da kuma VIA, wadda ke nuna wata ƙungiya dabam ta gwada. Gwajin ya haɗa da juya shi da nauyi har tsawon lokaci, da sako masa ƙarfe daga sama a ga ko zai fashe. Rashin hatimi dalili ne na ƙin saye. Samunsa kuwa bai isa shaida shi kaɗai ba, gama mai jabu da ya iya kwaikwayon wili ba zai kasa kwaikwayon haruffa uku ba. Saboda haka ka haɗa da sunan maƙeri, da awo cikakke a rubuce, da rasit mai ɗauke da sharaɗin mayarwa.

Tayar da za a ɗaura ma a duba shekarunta. A gefenta, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Sabon wili a kan tsohuwar taya, babbar riga ce a kan yunwa. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga ƙarshen 2007 kuma suna da na'urar da ke faɗakar da direba in iska ta ragu, a yawancinsu tana maƙale a cikin wili, a gindin bakin da a ke sa iska. In ba ka ce a mai da maka ita cikin sabon ba, ta tafi tare da tsohon.

Wajen ɗaurewa, kada a hau kan sifana da ƙafa a yi ta tsalle. Ko wace mota tana da iyakar ɗaurinta a littafinta, na yawancin Corolla da Camry 103 ne a ma'aunin Nm, akwai kuma sifana mai ma'auni don wannan aiki. A ɗaure noti a tsallake, wannan sa'an nan na daura da shi, ba a jere ba. In an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin su. Kafin ka bar wurin, ka gwada sifanar motarka a kan sababbin notin, ka tabbata kuma suna kama safayarka. Daga ƙarshe, kada ka sayar da na asali. Ka kai su gida ka jingine a zaure, akwai ranarsu.

Kira Ga Hukuma Da 'Yan Kasuwa

Ba daidai ba ne a bar wa mai saye wannan nauyi shi kaɗai. A Jamus ba a yarda mutum ya ɗaura wilin da ba shi da takardar amincewa ga irin motarsa ba, masu duba lafiyar motoci kuma suna bincikawa. Mu ma muna da hukumar kula da ingancin kaya, SON, tun 1971, da hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, tun 1988. An yi ƙoƙari wajen faɗakar da jama'a game da tsofaffin tayoyi, har ma suna cikin kayan da aka hana shigowa da su. Ina roƙo a haɗa da wili cikin wannan faɗakarwa, a wajabta wa masu shigo da shi ya zo da sunan maƙeri da awonsa da nauyin da zai ɗauka, masu duba motoci kuma su riƙa leƙa bayan ƙafa, ba gabanta kaɗai ba.

Shugabannin kasuwannin kayan mota su ma suna da abin yi. Yawancin 'yan kasuwar nan mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, waɗansu kuwa rashin sani ne ke sa su cewa "zai shiga." Allo guda a bakin layi, mai ɗauke da awon motocin da aka fi hawa, zai raba gardama da yawa. Ku kuma malamai da akawuna, ku ne masu karatu da lissafi a cikin jama'a, ku a ke kallo a yi koyi. In an ga malam ya shiga kasuwa da takarda da alƙalami yana tambayar awo, gobe direban haya ma zai tambaya.

Shi dai maƙwabcina ya koma kan wili na baƙin ƙarfe, inci 15, da murfinsa na roba. Yaran unguwa sun daina tsayawa kallon motar. Amma tun daga ran nan sau shida yana zuwa gaishe da mahaifiyarsa, ta kan hanyar nan da ramin nan, yana kuwa dawowa ya kwana a ɗakinsa.